Gadon da Alƙali Ba Ya Rabawa: Tarihin Dajin Mata Mai Bin Jini, daga Mishigan zuwa Hanyar Batsari

Bahaushe gwani ne a lissafin gado. Idan magidanci ya rasu a Batsari ko Safana, kafin a share makoki an san gonakinsa, an san shanun da ya bayar kiwo, an san matar da za ta ɗauki tumunin takaba da mahaifiyar da za ta ɗauki sudusi. Malamai sun haddace ƙa'idojin, alƙalai suna zartarwa, dattawa suna shaida. Akwai kuma wani gadon da ba ya zuwa gaban alƙali, wato wanda ke tafiya cikin jini. Mun daɗe da saninsa a kama da murya da tsawo, kuma a 'yan shekarun nan sikila ta koya mana cewa cuta ma tana bin wannan hanya. Abin da har yanzu bai shiga zancenmu sosai ba shi ne cewa wani kaso na cutar dajin da ke kama mahaifa da gidan ƙwan mace shi ma gadonsa ake yi, daga uwa ko daga uba.

Yana da kyau a auna girman abin tun farko. Mafi yawan cutar daji ba gado ba ce: cikin marasa lafiya ɗari, biyar zuwa goma ne kawai nasu ya samo asali daga lahanin da aka haife su da shi. Sankarar bakin mahaifa, wadda ta kama mata kimanin 12,000 a Najeriya a 2020 ta kuma kashe kusan 8,000, ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa ta, kuma tun Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta. Wanda muke magana a kai ƙaramin kaso ne, amma yana da halaye biyu da suka sa ya cancanci kulawa. Yakan kama mace tun tana da sauran ƙuruciya, sannan idan an gane shi a jikin mutum ɗaya, to an sami damar tsare rayukan 'yan'uwansa kafin ciwo ya taso. Tarihin yadda likitoci suka fahimci haka ya haura shekara ɗari, kuma kusan duk matakinsa da labarin dangi ya fara.

Mai ɗinki da likitanta

A 1895 Aldred Scott Warthin, matashin likita mai binciken cututtuka a Jami'ar Mishigan da ke garin Ann Arbor a Amurka, ya lura cewa matar da ke yi masa ɗinki tana cikin damuwa. Da ya tambaye ta, sai ta shaida masa cewa ta tabbata daji ne zai kashe ta tun ba ta tsufa ba, ko na mahaifa ko na ciki ko na hanji, domin haka ya yi ta ɗauke danginta. Daga baya kuwa sankarar mahaifa ce ta zama ajalinta. Kafin rasuwarta ta taimaka masa ya tattara sunaye: wane ya haifi wane, me ya kashe wance, tana da shekara nawa. Asalin gidan wani baƙo ne da ya yi ƙaura daga Jamus, ya haifi 'ya'ya goma, shida daga cikinsu suka kamu da daji. A 1913 Warthin ya wallafa taswirar wannan zuriya, ya kira ta Iyalin G.

Ba shi ne na farko da ya ga irin haka ba. Tun 1866 likitan Faransa Paul Broca ya rubuta yadda sankarar mama ta kashe mata goma a dangin matarsa. Sai dai likitocin wancan zamani sun ɗauki irin waɗannan gidaje a matsayin dace kawai. Daji cuta ce mai yawa, a cewarsu, don haka ba abin mamaki ba ne ya taru a gida guda. Taswirar Warthin ta zauna a ma'ajiya, abokan aikinsa suka ƙara mata wasu sunaye a 1936, aka sake mantawa da ita.

Wanda ya farfaɗo da zancen shi ne Henry Lynch, likita a garin Omaha na jihar Nebraska. A farkon shekarun 1960 ya haɗu da wani majinyaci da ya ce shan giyar da yake yi ta tsoro ce, domin duk danginsa daji ke kashe su. Lynch da wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a mai suna Anne Krush suka shiga ƙauyuka suna taron dangi, suna tambayar tsofaffi, suna neman takardun asibiti don tabbatar da abin da aka faɗa musu. A 1966 suka wallafa labarin manyan gidaje biyu, a 1971 kuma suka koma kan Iyalin G. Shekaru da yawa masu ba da kuɗin bincike suna juya wa Lynch baya, suna cewa mutanen gida ɗaya abinci ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha, don haka laifin muhalli ne.

Hujjar ta zo a 1993 da 1994, lokacin da aka gano ƙwayoyin gado biyu, MSH2 da MLH1, waɗanda lalacewarsu ke haddasa abin da a yau ake kira ciwon Lynch. A 2000 aka sami ainihin lahanin Iyalin G a cikin MSH2, kuma rahoton da aka fitar a 2005 ya bibiyi zuriyar mutumin nan ɗaya har mutum fiye da 900. Daga ranar da mai ɗinki ta faɗi fargabarta zuwa ranar da aka iya gaya wa jikokin gidan wa ya gada wa bai gada ba, shekara 105 ke nan.

Yadda lahanin ke aiki

Jikin mutum tarin ƙananan tantani ne, kowanne ɗauke da kundin umarni da ake kira DNA. Duk lokacin da tantani zai rabu biyu, sai an kwafi kundin, kuma kamar kowane mai kwafi, jiki yakan yi kuskure. Aikin MSH2 da MLH1 da 'yan'uwansu shi ne bin sahun rubutun suna gyara kurakurai, kamar malamin da ke duba allon almajiri. Kowannenmu yana da kwafi biyu na kowace irin wannan ƙwayar gado, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba.

A 1971 Alfred Knudson ya yi nazarin yara 48 masu dajin ido, ya fito da bayanin da har yau ake dogaro da shi. Kafin daji ya tashi, sai kwafin biyu sun lalace a cikin tantani guda. Ga wanda aka haifa da duka biyun lafiya, haɗuwar tsautsayi biyu a wuri ɗaya yana ɗaukar shekaru masu yawa, sau da yawa ma ba ya faruwa. Wanda kuwa aka haifa da kwafi ɗaya a lalace, kowane tantani na jikinsa tsautsayi ɗaya kawai yake jira. Bangonsa a tsage yake tun daga haihuwa, ƙadangare kuwa ba ya rasa wurin shiga. Wannan ne dalilin da ya sa dajin gado yakan zo da wuri, yakan kama gaɓa fiye da ɗaya, yakan kuma bi zuriya bayan zuriya. Duk ɗan da mai ɗauke da lahanin ya haifa, namiji ko mace, rabi da rabi ne: ko ya gada ko ya tsira.

An fi sanin ciwon Lynch da dajin babban hanji, amma ga mace, haɗarin sankarar cikin mahaifa yana kai wa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari a wasu nau'o'insa, kuma sau da yawa ita ce ke fara bayyana kafin ta hanji. Kimanin uku cikin kowace ɗari na masu sankarar cikin mahaifa wannan ciwon ne asalin tasu.

Daga Kalifoniya zuwa Ibadan

Reshe na biyu na wannan tarihi na Mary-Claire King ne, wadda ta shafe shekara 17 a Jami'ar Kalifoniya tana neman ƙwayar gadon sankarar mama. A 1990, da taimakon gidaje 23, ta nuna cewa tana kan kuromosom na 17. An fitar da ita a 1994 da sunan BRCA1, aka sami ta biyu, BRCA2, a Ingila a 1995. Sunan na mama ne, amma ɓarnar ta kai har gidan ƙwai. A cikin jama'a gaba ɗaya, mace ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ce ke kamuwa da dajin gidan ƙwai a tsawon rayuwarta. Babban binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa ga mai lahanin BRCA1 adadin ya kai kashi 44 kafin shekara 80, ga mai BRCA2 kuwa kashi 17. Kamfanin Myriad ya riƙe haƙƙin mallakar gwajin a Amurka har zuwa Yunin 2013, lokacin da Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke cewa ba a mallakar abin da aka halicci mutum da shi. Daga nan farashin gwajin ya fara sauka.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin matsalar Turawa da Yahudawan Ashkenazi, waɗanda ɗaya cikin 40 daga cikinsu ke ɗauke da lahanin. Wadda ta rusa wannan zato 'yar Najeriya ce, Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Ibadan kafin ta koma Jami'ar Shikago. Ba banza aka zaɓi Ibadan ba, domin tun 1960 George Edington ya kafa rajistar masu cutar daji a asibitin koyarwa na can. Binciken da ita da abokan aikinta suka fara a 1998 ya haifar da rahoton 2018, wanda King ma ta sa hannu a ciki. An gwada mata 1,136 masu sankarar mama, aka sami kashi 14.7 ɗauke da lahanin gado, kashi 7 a BRCA1, kashi 4.1 a BRCA2. Adadin ya zarce wanda aka saba gani a tsakanin matan Turai da Amurka. A 2021 kuma likitocin asibitin koyarwa na Ile-Ife da abokansu na Amurka suka ba da rahoton cewa alamar lalacewar masu gyaran kwafi, wadda ke tafiya da ciwon Lynch, ta fi yawa a dajin hanjin 'yan Najeriya fiye da na majinyatan Amurka. Matan da aka gwada a Ibadan akasarinsu daga kudu maso yamma suke, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina su yi nasu.

Waɗanda ba a cika gani ba

Bayan waɗannan manya biyu akwai ƙananan cututtuka da likita kan yi shekaru bai ga ko ɗaya ba. Muhimmancinsu shi ne kowanne yana da alamar da ido ke iya gani, ko da babu na'ura.

A 1921 likitan Holan Jan Peutz ya bayyana wani gida da 'ya'yansa ke da baƙaƙen ɗigo a leɓe da cikin baki, tare da tsiro a hanji da kan toshe shi. Harold Jeghers ya ƙara bayani a Amurka a 1949, aka gano ƙwayar gadon, STK11, a 1998. Matan irin wannan gida suna fuskantar wani ƙari na musamman a gidan ƙwai, da wata sankarar bakin mahaifa da ba ruwanta da HPV. Ma'ana, allurar rigakafi ba ta tare ta, gwajin HPV kuma ba ya kama ta. Takan zo da zubar ruwa mai yawa da ake ɗauka sanyi ne.

Lahanin ƙwayar DICER1, wanda aka danganta da daji a 2009, yakan haifar da wani ƙari a gidan ƙwai da ke fitar da sinadarin maza. Budurwa ko ƙaramar amarya sai al'adarta ta ɗauke, muryarta ta buɗe, gashi ya tsiro mata a haɓa. A dangin kuma akan sami masu maƙoƙo tun suna ƙanana, ko jaririn da ya yi ciwon huhu mai wuyar ganewa. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san inda za a fara kai irin wannan yarinya da sunan da za a ba abin da ya same ta, alhali ƙari ne da tiyata kan warkar idan an yi ta da wuri, sau da yawa ma ba tare da an taɓa haihuwarta ba.

Mafi muni shi ne wanda Robert Scully da abokan aikinsa a Boston suka siffanta a 1982: dajin gidan ƙwai mai ƙananan tantani, wanda ke tafiya da hauhawar sinadarin kalsiyam a jini. Matsakaicin shekarun masu kamuwa da shi 24 ne, kuma yana da saurin kisa. Sai a 2014 aka gano cewa lalacewar ƙwaya ɗaya, SMARCA4, ita ce tushensa, kuma a wasu gidaje uwa da 'ya duk sun kamu. Akwai kuma ciwon da aka fara siffantawa a 1973, aka gano ƙwayarsa FH a 2002, inda ƙarin mahaifa ke fitowa da yawa tun mace tana 'yar ashirin da wani abu, tare da ƙuraje masu zafi a fata da haɗarin dajin ƙoda. A nan sai an yi hattara, domin ƙarin mahaifa ruwan dare ne a tsakanin matan Afirka, kuma mafi yawansa ba shi da alaƙa da wannan ciwo.

Hanyar Batsari

Wanda ya fito daga birnin Katsina ya nufi Batsari zai wuce Babbar Ruga. A shekarun 1930 wurin zama ne na masu kuturta, aka keɓe su nesa da gari. A 1983 wani likitan Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a wurin, sai ya tarar da wata cutar da ta fi ta ɓoyuwa, wato yoyon fitsari. A 1984 ya fara ɗinke matan, labari ya bazu daga baki zuwa baki, mata suka riƙa zuwa daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Maraɗi. A yau wurin cibiya ce ta ƙasa, kuma dubban mata sun koma gidajensu a bushe. Darasin Babbar Ruga shi ne cutar mata da ake ɓoyewa takan fito fili da zarar mutane sun ga akwai abin da za a iya yi a kai. Ranar wanka, in ji Hausawa, ba a ɓoyon cibi.

Dajin gado kuwa ya fi yoyon fitsari wuyar fitowa, domin ba a jikin mace ɗaya ake ganinsa ba, sai an jera dangi. Binciken da aka yi a Amurka da Kanada da Ostareliya ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kusan 300 yana ɗauke da lahanin Lynch. Ƙidayar 2006 ta ba Batsari da Safana jimillar mutane kusan 400,000. Idan ma'aunin can ya yi kusa da namu, lissafi ya nuna mutum fiye da dubu a ƙananan hukumomin biyu, tun kafin a ƙara masu BRCA. Tsarin zamanmu kuwa yana da abubuwa da yawa da ke hana a gan su.

Na farko shi ne aure yana watsa mata. 'Ya'ya mata huɗu na uba ɗaya, a kai wannan Ruma, waccan Wagini, ta uku Runka, ta huɗu Zakka. Idan ciwo iri ɗaya ya ɗauke uku daga cikinsu cikin shekara goma sha biyar, gidaje uku ne suka yi rashi, kowanne yana ganin nasa ƙaddarar ce daban. Asalinmu kuma ta maza ake lissafa shi. Zuriyar Sarkin Ruma a Batsari da ta Yarima a Safana an san jerinsu, talaka ma yakan iya kawo kakanninsa maza uku ko huɗu. A tambaye shi me ya kashe gwaggonsa, tana da shekara nawa, sai ya ce ciwon ciki ne, ko ya ce ajali ne ya zo. Ga dajin gado kuwa gwaggo shaida ce babba, domin namiji yana ɗaukar lahanin BRCA ya miƙa wa 'ya'yansa mata ba tare da shi ya yi ko ciwon kai ba. A gidan mai mata uku, 'yan uba duka haɗarinsu ɗaya, ko da ɗakunansu ba sa ga-maciji da juna.

Na biyu shi ne inda ake kai zancen jini. Duk yarinyar da ta yi makarantar Islamiyya ta karanta babin haila da biƙi a Ahalari ko Risala, ta san cewa jinin da ya wuce kwana goma sha biyar istihala ne, a yi wanka a ci gaba da salla. Wannan amsa ce ga tambayar ibada, kuma daidai take a muhallinta. Sai dai mata da yawa daga nan suke tsayawa, domin tambayar da ta dame su an amsa ta. A wurin likita, jinin da ya dawo bayan mace ta daina al'ada, ko wanda ke zuwa tsakanin al'ada da al'ada ba ƙaƙƙautawa, shi ne alamar farko ta sankarar cikin mahaifa, wadda ke warkewa da tiyata idan an tare ta da wuri. Malama ɗaya da za ta ƙara jimla guda bayan hukuncin, cewa a je a duba, tana iya yin abin da tallar rediyo ba ta yi ba.

Na uku shi ne abin da ya faru da yankin cikin shekaru goma da suka wuce. Batsari da Safana suna bakin Dajin Rugu, suna cikin ƙananan hukumomin da ta'addancin 'yan bindiga ya fi ɗaiɗaitawa. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A Satumban 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan biyu. Ƙauyuka sun tashi, dangi sun rarrabu tsakanin garin Batsari da Dutsin-Ma da Jibiya da birnin Katsina da tsallaken iyaka. Ana lissafa asarar rayuka da shanu da gonaki, amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi: tsohuwar da ta san wa ya haifi wa, wadda ta yi jinyar wance ta kuma wanke gawar wance, ita ce kundin tarihin lafiyar dangi. Idan ta rasu a gudun hijira, ko jikokinta suka tashi nesa da ita, kundin ya tafi.

Ruɗani biyu

Sikila ta shirya mu ta wata fuska, ta kuma ruɗa mu ta wata. Ita sai uwa da uba duka suna ɗauke da ita kafin ɗa ya kamu, shi ya sa gwajin kafin aure ke da amfani, har jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Ciwon Lynch da BRCA da sauran da aka ambata daga mahaifi ɗaya suke zuwa. Auren bare ba ya hana su, auren zumunci kuma ba shi ne ke haifar da su ba. Inda zumunci ke shigowa shi ne idan ɗan wa da 'yar ƙani duka sun gaji lahani ɗaya daga kaka. A lokacin, ɗa ɗaya cikin huɗu yana iya zuwa da kwafin biyu a lalace, kuma irin waɗannan yara daji kan kama su tun suna ƙanana, na jini ko na ƙwaƙwalwa ko na hanji. An fara siffanta wannan a 1999 a wasu gidajen Turkiyya da Arewacin Afirka masu auren dangi. Saboda haka gidan da aka tabbatar da lahanin a cikinsa yana da dalilin neman shawarar likita kafin a haɗa 'yan'uwa aure.

Ruɗani na biyu ya fi haɗari. Al'ummar da ta yi imani cewa maita a nono ake shan ta, wadda ta keɓe kutare a bayan gari, ba za ta sha wuyar laƙaba wa wani gida sunan gidan masu daji ba. Idan haka ta faru, 'yan matan gidan ne za su biya, har da rabin da ba su gaji komai ba, sauran gidaje kuma za su ƙara rufe bakinsu. Amurka sai da ta yi doka a 2008 ta hana masu ɗaukar aiki da kamfanonin inshorar lafiya nuna bambanci kan sakamakon gwajin gado. A Najeriya, dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan gado cikin masu buƙatar tsaro na musamman. Amma a ƙauye ba kamfanin inshora ake tsoro ba, surukai ake tsoro, kuma abin da zai kare yarinya a can shi ne riƙon sirrin ma'aikacin lafiya da fahimtar dattawan da ke bincike kafin aure.

Abin da sani ke saya

Mai karatu zai iya tambaya: ina amfanin a gaya wa mace abin da ke jiranta? Amsar tana cikin abin da aka riga aka gwada. Ga mai lahanin BRCA1, cire gidan ƙwai da bututunsa tsakanin shekara 35 zuwa 40, bayan ta gama haihuwa, yana rage haɗarin da kusan kashi 80 ko fiye. Ga mai BRCA2 akan jira zuwa 40 ko 45. A wani bincike na 2006 kan mata masu ciwon Lynch, babu ko ɗaya cikin waɗanda aka cire wa mahaifa da ta kamu da sankararta, alhali kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ba a cire wa ba sun kamu. Wannan tiyata ce da likitocin mata a Katsina ke yi kullum saboda wasu dalilai. Hukuncin ba mai sauƙi ba ne a inda darajar mace ke rataye da haihuwa, kuma daina al'ada da wuri yana da nasa illolin. Amma matar da ta fara haihuwa tana 'yar sha takwas sau da yawa ta tara iyalinta kafin ta kai shekarun da ake magana, kuma zaɓin nata ne idan an ba ta bayanin. Wadda aka gwada aka ga ba ta gada ba, ita da 'ya'yanta sun huta da fargaba.

Akwai misali daga wannan nahiya. Tun shekarun 1990 likitocin Jami'ar Cape Town da asibitin Groote Schuur suka gano manyan gidaje masu lahanin MLH1 a ƙauyukan lardin Northern Cape na Afirka ta Kudu, wurare masu nisa da talauci. Sai suka riƙa loda na'urar duba hanji a mota duk shekara suna bin su har garuruwansu, kuma rahoton 2009 ya nuna cewa waɗanda ake dubawa sun fi tsawon rai. Ingila kuwa tun 2020 ta ba da shawarar a gwada naman duk wata sankarar cikin mahaifa da aka cire don neman alamar Lynch, ta hanyar rina shi a duba a madubin likita, aikin da ɗakin gwaje-gwajen asibitin koyarwa ke iya yi.

Katsina ta ɗan matso kusa da wannan. Tsohuwar Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta zama asibitin koyarwa, kuma a 2025 aka buɗe cibiyar kula da masu cutar daji a cikinsa, abin da ya rage wa majinyata doguwar tafiya zuwa Shika ko Sakkwato neman na'urar gashi. Na'ura tana jinyar wadda ciwo ya riga ya kama. Wadda ba ta kamu ba tukuna, tambaya ce ke gano ta, kuma tambayar tana da tsari tun 1991, lokacin da aka wallafa ƙa'idar da masana suka amince da ita a taron Amsterdam, aka faɗaɗa ta a 1999 ta haɗa da mahaifa: mutum uku na kusa a dangi ɗaya, a zuriya biyu a jere, ɗaya daga cikinsu bai kai shekara 50 ba. A ƙara da duk macen da ta yi dajin gidan ƙwai, da wadda ta yi na mama tana ƙasa da 50, da namijin da ya yi na mama. Ungozoma a Babban Asibitin Batsari ko ma'aikaciyar lafiya a Runka tana iya yin waɗannan tambayoyi cikin minti biyar, ta rubuta amsar a bayan kati, ta tura wadda ta dace zuwa Katsina.

Mu kuma da muka yi boko muke zaune a birane, kusan kowannenmu shi ne wanda ake kira idan ciwo ya yi tsanani a gida, shi ke biyan kuɗin mota da na asibiti. Akwai aikin da ya fi wannan araha. A ziyarar salla mai zuwa, a zauna da inna da gwaggo da kaka, a ɗauki takarda, a bi ɓangaren uwa da na uba ɗaya bayan ɗaya: wa ya rasu, da wane ciwo, yana da kimanin shekara nawa, an yi masa aiki ko ba a yi ba, a wane asibiti. Idan akwai takardar sakamakon gwajin nama, a ɗauki hotonta a adana. Mafi yawanmu za mu gama mu ga babu abin damuwa. Kaɗan daga cikinmu za su ga sunaye uku sun jeru, kuma ga waɗannan, takardar ita ce abin da za a kai wa likitan mata kafin ƙanwa ko 'ya ta kai shekarun da yayarta ta fara ciwo.